Jar Fitila a Bakin Mai Aski

"Ƙara buɗewa kaɗan, Baba, in ba zai yi maka ciwo ba," in ji likitar haƙorin.

Mai Aski ya buɗe iya abin da zai buɗu. Yana kishingiɗe a doguwar kujera, an ɗora masa baƙin tabarau, kuma duk da halin da ake ciki sai da na ce masa ya yi kama da ɓarawon da ya zo ɗaukar hoto. Bai iya dariya ba, sai ya ɗaga mini yatsa ɗaya, alamar zan gamu da shi. Likitar ta tsoma auduga a wani shuɗin ruwa, ta bi dasashinsa da gefen harshe da cikin kumatu, duk inda ya yi fari-fari ya kwailaye. Ta jira ruwan ya kama. Sannan ta miƙo mini nawa tabarau, ta ɗauko wani abu kamar biro mai waya a gindi, ta kunna. Jan haske ya cika bakin har ana ganinsa ta kumatu.

Ni maƙwabcinsa ne. Ƙofata da tasa suna kallon juna a saman benen gidan hayarmu, igiyar shanya ɗaya matanmu suke rabawa. Da yake tasi nake ja, ni ne motar asibitin duk wanda ke gidan, ko na so ko ban so ba. Kai shi kuwa da son raina nake yi. Tun ina da gashi yake yi mini aski, ya ci gaba har bayan da gashin ya yi sallama da ni. Shi ya raɗa mini Sanƙo, kuma duk ranar da na zauna a kujerarsa sai ya tambaye ni aski na zo ko a goge mini ƙura.

Ban taɓa ganin mutum mai kula da bakinsa kamarsa ba. Yakan ce mai aski a kan hancin mutane yake neman abinci, don haka kafin almakashi, kafin reza, bakinsa zai fara gyarawa. Aljihun rigarsa ba ya rabuwa da kanumfari. In ka zo masa ka ci albasa, sai kawai ya miƙo maka ƙwaya ɗaya a tafin hannu, yana kallon wani wajen. Mun sha jin kunya a shagon nan.

To shi ne ciwon daji ya kama a ƙarƙashin harshe. Aka yanka, aka ƙona da na'ura, miyau ya ƙafe, bakin ya zama gyambo. Daga nan wari ya zo. Ba zan ɓoye ba, wari ne irin na naman da aka manta a leda, kuma tun daga matakala yake tarar mutum. Wata rana telan da shagonsa ke jikin nasa ya zo dubiya, ya sunkuya zai gaishe shi, sai ya kawar da kai. Tun daga ranar Mai Aski ya hana kowa shigowa sai ni da matarsa. Da yake wuyansa ya sanƙare ba ya juyuwa, ya sa na ɗauko masa babban madubin shago, muka jingina a bango ta wajen ƙafafunsa, don ya riƙa ganin wanda ya tsaya a ƙofa.

Ranar da aka haska masa baki, likitar ba ta yi mana rufa-rufa ba. Ta ce shuɗin ruwan manne wa ƙwayoyin cuta yake yi, in jan hasken ya same shi sai ya kashe su, wari da raɗaɗi su ragu. Amma dajin yana nan inda yake, ƙwayoyin kuma za su dawo. Matarsa da ta raka mu tana gyaɗa kai, sai dai na lura rabin farko kawai ta ɗauka. Shi kuwa da aka cire masa tabarau, da ƙyar ya haɗa maganar, ya tambayi tsawon lokacin da sauƙin zai ɗauka. Ta ce ba za ta yi masa alkawari ba, 'yan kwanaki ne.

"Ya isa," in ji shi. "Auta na tafe ƙarshen mako."

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, kuma kowa ya san ita ce 'yar gaban goshi. Aiki ya kai ta nesa, rabonta da shi tun kafin a yi masa tiyata. A waya kullum ce mata ake jiki da sauƙi. Bai roƙi warkewa ba, wannan ya riga ya cire rai. Abin da yake so bai wuce ya yi magana da ita fuska da fuska, ba tare da ta kawar da kai kamar tela ba.

Hasken ya yi aiki, wannan shaida ce. Washegari da na hau bene sai na ji ƙamshin sabulun wankin matata ya fi komai ƙarfi. Na tarar da ƙofarsu a buɗe, yana zaune an tokare shi da matasai, yana shan shayi da cokali. Leɓɓansa shuɗi, haƙoransa shuɗi, farin tawul ɗin aski da yake tofa yawu a ciki duk ya yi dabbare-dabbare. Ya yafito ni.

"Sanƙo, matso. Faɗa mini gaskiya."

Na kai hancina dab da bakinsa, ya hura mini iska a hankali. Na ce akwai ɗan saura, amma sai wanda ya nema zai ji. Ya lumshe ido. A ranar har shafa kaina ya yi, ya ce wanda ya yi mini aski a bayansa da cokali ya yi.

Ƙarshen mako ya zo, Auta ba ta zo ba. A wurin aikinta an ce sai wadda za ta riƙe mata ta dawo. Tana kuka a waya, uwar tana lallashinta, tana cewa ta kwantar da hankali, ai an samo maganin haske, babanta har shayi yake sha. Ina tsaye ina ji, na ce a raina da uwar ta bar yarinyar da tsoronta, da Auta ta baro aikin ta taho.

A kwanakin nan jikinsa ya zube. Muka yi niyyar mayar da shi a sake haska masa, ni da wani maƙwabci muka ɗauko shi a kujerar roba, amma a kwanar matakala numfashinsa ya sarƙe, kansa ya langaɓe, dole muka mayar da shi gado. Na je na sami likitar. Ta ce na'urar ba ta fita daga asibiti, kuma a yadda na kwatanta shi, wahalar hanya ta fi amfanin hasken. Ta ba ni ruwan kurkure baki, wanda ba ya ma iya riƙewa a bakin. Warin ya dawo a hankali, ya fara da ɗakin, ya fito baranda. Bai sake cewa in faɗa masa gaskiya ba, don yana gani a madubi ina shigowa taga nake fara buɗewa.

Wata la'asar na shiga na tarar da matarsa durƙushe a gefen gado. Ta ɗaure jar leda a kan ƙaramar tocila da roba, ta sa masa tsohon tabaransa na rana, tana haska masa baki lungu-lungu, yadda ta ga likita ta yi. Shi kuma ya buɗe mata, duk da na san buɗewar nan azaba ce.

"Ai jan haske ne," ta ce mini, ba ta ko waiwayo ba. "Shuɗin ma da saura a haƙoransa. Ka ji ma warin ya tafi."

Da gaske take. Ta kwana ta wuni a ɗakin har hancinta ya daina ji. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yatsan nan nasa ya ɗago daga kan bargo. Na haɗiye maganata. Haka ta riƙa yi safe da yamma, tana canza leda in ta yage, shi kuma bai taɓa hana ta ba.

Ranar da Auta ta iso, ni na ɗauko ta a tasha da hantsi. A hanya na yi ta juya maganar, har dai na ce mata akwai wari, ta daure kada ta nuna. Ta dube ni kamar na zage ta.

"Haba Kawu, babana ne fa."

Ta riga ni hawa bene, ko jakarta ba ta ɗauka ba. Ina bayanta lokacin da ta tura ƙofar. Hannunta ne ya tashi da kansa, riƙe da bakin gyale, ya kai hanci. Ƙiftawar ido ne, nan take ta sauke. Amma ina kallon madubin, kuma na ga idonsa a ciki. An yi masa wanka, an sa masa farar riga, ya sa matarsa ta taje masa gemu, bakinsa a ɗan buɗe da sunanta a ciki. Sai na ga leɓɓan sun haɗe.

Ta zube a gaban gadon ta ce, "Baba, na zo." Ya dube ta. Ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa nasa, ta zauna a haka, ba ta ja da baya ba ko kaɗan. Ta ba shi labarin hanya, ta yi masa tsiya a kan gemun da ya yi furfura, ta roƙe shi ya ce wani abu ko da faɗa ne. Daga baya ta hau gadon ta haɗa goshinta da nasa tana kuka, tana rantsuwa ba ta ji komai ba. Ya ɗaga hannu ya bi gefen gashinta da babban yatsa, daga goshi zuwa bayan kunne, yadda yake duba layin aski in ya gama. Bakin dai bai buɗe ba. Ko ruwa ba ya karɓa sai uwar ta aike ta kicin.

Na ji haushinsa a ranar, kuma har yau ban gama hucewa ba. Na same shi shi kaɗai na ce masa wannan taurin kai ne, yarinya ta yi kuskuren da kowa zai yi. Ya dube ni ta madubi, hawaye na bin gefen idonsa zuwa kunne, bai ɗaga mini yatsa ba ma. Washegari kafin azahar ya cika, Auta tana riƙe da hannunsa, bai ce mata komai ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, wata safiya na fito zan tafi aiki, na ga Auta a baranda gaban baho. Ta wanke tawul-tawul ɗin askinsa ta shanya a igiyarmu, shuɗin ya ƙi fita, sai dai ya koɗe. Tocilar tana kan taga da jar ledarta. Saura tawul ɗaya a kwando, wanda aka cire daga ƙarƙashin haɓarsa a ranar ƙarshe. Ta ɗauko shi za ta tsoma a ruwa, sai ta fasa. Ta kifa fuskarta a ciki, tana jan numfashi a hankali.

Na sauka matakala da takalmana a hannu. Har na tayar da mota na ɗaga kai, ba ta ɗago ba.