Tokar Kurmin Gora

Da hantsi matan Kajoldanga duk suna bakin tafki, kowacce da tulin kwanukanta a kan matakala, amma idon kowa yana kan tasar tagullar da ke hannun Joytun Bibi. Ta ɗaga ta sama, rana ta daki tasar, hasken ya faɗa a fuskar jikanta Montu har ya runtse ido.

"Zo ka ga fuskarka, angona," in ji ta. "Ka ga wannan hancin? Na kakanka ne sak. Shi ma da ba don ni ba, da gwauro zai mutu."

Mata suka kwashe da dariya. Montu bai yi ba. Bara warhaka da tuni ya murguɗa baki ya ce shi ba ya auren mai haƙori uku, don yaron tun bai cika shekara uku ba yake da bakin manya. Yanzu kuwa sai ya tsaya yana kallon ruwa, hannunsa ɗaya dafe da ciki.

"Khala, a san mini tokar nan mana," in ji wata amarya, don haka muke kiran goggo a nan. "Tukwanena sun yi baƙi kamar na mai suyar kifi."

"Kawo ƙoƙonki, sarkin roƙo. Ɗana zai ƙaro."

Gidana yana jikin nasu, don haka na san tokar nan tun ranar da ta shigo. Fara ce mai duhu-duhu, laushi kamar garin jarirai, ga nauyi a tafin hannu. Da ita Joytun take goge tasar Montu, da ita kuma take dirje masa haƙora kowace safiya da ɗan yatsanta, kamar yadda uwarta ta yi mata da tokar murhu.

* * *

Ɗanta Mokles haya yake yi da babur mai caji, daga tasha zuwa ƙauyukan bakin kogi. Da can batiran dalma ne a ƙarƙashin kujerarsa, manya baƙaƙe, masu nauyin jaki, ga saurin mutuwa. Da aka kawo sabon batirin nan mara nauyi, wanda yake cika kafin mutum ya gama cin abincin rana, shi ne na farko da ya sa a ƙauyenmu. Ranar har ɗaga shi ya yi da hannu ɗaya a tsakar gida, yana ƙwala wa uwarsa kira da sunan da muke kiran uwa, wato Amma.

"Amma, ɗauki ki ji! Ko ke kya iya."

"Ni kaza ce da zan ɗauki akwatin wuta? Matsa can."

Masu babura da masu keke mai ƙafa uku duk suka bi sahu, tsofaffin batira suka taru a ko'ina kamar duwatsun murhu. Ba a daɗe ba wasu baƙi suka kama haya a cikin kurmin gora da ke bayan makabarta, suna saye, suna fasawa, suna narka abin ciki. Mokles yakan kai musu kaya idan fasinja sun yi ƙaranci.

Da samu ya ƙaru, sai ya sayo wa matarsa Shefali murhun gas. Nan rigima ta tashi, don gidan da ba a hura itace ba shi da toka. Shefali ta kawo sabulun wanke-wanke, tsohuwa ta shinshina ta ture, ta dubi matar ɗan nata, wadda a nan ake kira Bouma.

"Bouma, so kike yaron nan ya ci shinkafa mai ƙamshin wanki? Ki wanke naku, tasar angona ni zan wanke."

Mokles ne ya raba gardama. Ya ga toka jibge a kurmin gora ba mai so, ya ciko buhu ya kawo wa uwarsa. Ta shi masa albarka har sai da ya ji kunya.

Da kalmomin Montu suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, Joytun ta ce kambun baka ne, yaro ya cika wayo a gaban mutane. Ta ƙara girman ɗigon kwallin da take yi masa a gefen goshi, ta karɓo laya wurin liman ta ɗaura masa a ƙugu. Ya manta sunan akuya. Ya manta sunan kogi. Daga baya ko "Dadi", da yake kiran ta da shi sau ɗari a wuni, sai an yi ta lallashi.

* * *

Bayan shanun wani sun mutu a kusa da kurmin, aka turo ma'aikatan lafiya suka huda yatsun yara. Wata likita mai suna Dilruba ta biyo Shefali har gida da sakamakon Montu, ranar tsohuwa ta tafi gaisuwar mutuwa. Ta duba rijiya, ta duba tufafin Mokles, sannan ta tsuguna gaban buhun da ke bayan ɗakin girki. Ta leƙa tokar da ke ciki.

"Dalma ce a jininsa, mai yawa," ta ce a ƙarshe. "Za mu ba shi magani a asibitin gari, zai rage ta. Abin da ta riga ta ci kuwa, ba zan yi muku alkawari ba."

Ina jin su ta shinge bayan ta tafi. Mokles ya zauna a ƙasa kusa da baburinsa yana dukan goshi.

"Ni na kawo. Da hannuna na ɗora a babur."

"Yi shiru, baban Montu, maƙwabta na ji."

"Wa zai gaya wa Amma?"

Na zaci Shefali za ta ce a gaya mata, ta gane sabulu ba abokin gaba ba ne. Yarinyar nan ta sha faɗa a kan tasar nan ba kaɗan ba. Sai na ji ta ce, "Ba wanda zai gaya mata. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Je gidanmu ka ce inna ta ba ka tokar ƙaiƙayin shinkafa."

Suka haƙa rami suka binne buhun, suka ajiye wani a gurbinsa.

* * *

Yatsun da suka shekara sittin suna wanke-wanke ba a yi musu wayo. Washegari Joytun ta tsoma hannu, ta murza, ta ɗago kai.

"Bouma, wa ya taɓa mini toka?"

"Ruwa ne ya jiƙa waccan, Amma."

"Ruwa? Sama ko gajimare babu. Wannan ai sai ta kankare wa yaro dasashi."

Joytun ta karkaɗe yatsunta. Da rana ta yi sanyi ta ja mayafi, ta ɗauki kwando, ta leƙo gidana ta ce in raka ta ta ɗebo da kanta. Ba ta taɓa shiga kurmin ba, ni ma haka.

Tun daga nesa wari ya kama mana maƙogwaro. Ganyen gora duk ya ƙone a tsaye, ƙasa ba ciyawa ko ɗaya. Ga fasassun batira tsibi-tsibi, ga wani ruwa mai kumfa yana gangarawa gona, ga rami baƙi da tulin toka a gefensa. Joytun ta tsaya tana neman itacen da ake ƙonawa, ba ta ga ko reshe ba. Duk da haka ta sunkuya za ta ɗiba.

"Khala, kar ki sa hannu!" wani ma'aikaci ya yi tsawa ta cikin tsumman da ya rufe hanci da shi. "Wannan ko kare ba ya kwanciya a kai. Me za ki yi da ita?"

Ta dube shi. Ta dubi ɗan yatsanta na dama.

Kwandon nan a can muka baro shi. Daga kurmin ba ta wuce gida ba, sai ta bi gidajen da ta taɓa ba kyauta, ƙofa ƙofa, tana cewa a dawo mata da tokarta. Amaryar nan ta fara wasa, wai tsohuwa ta koma rowa, da ta ga fuskarta sai ta shiga ta ɗauko ƙoƙon ba tare da ta ƙarasa ba.

* * *

Da aka dawo da Montu daga asibiti, ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru. Shefali ta dafa shinkafa mai laushi da miyar ƙananan waken da muke kira dal, ta dama masa ƙwai. Ta cura loma ta kai bakinsa, ya kau da kai. Ubansa ya gwada, har da kwaikwayon ƙahon babur, yaro ya ture hannun. Tun da aka yaye shi hannu ɗaya ya sani.

Joytun tana can ƙarshen baranda, ta cusa hannayenta biyu cikin mayafi.

"Amma, zo ki ba shi."

"Ba da wannan hannun ba, Bouma."

"To da wanne? Kina da wani a akwati?"

Shefali ta tashi, ta jawo ta a hankali kamar mai jan ƙaramar yarinya, ta zaunar da ita a kan tabarma. Ta wanke mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, har ƙarƙashin farce, ta goge da bakin zanenta, ta cura loma ta ɗora mata a tafi.

Joytun ta matso, ta yi ƙoƙarin murmushi.

"Kai, ango, ka yi tafiya ko tsaraba babu. To wace ce ni? Faɗi mana. Wace ce wannan mummunar tsohuwa?"

Montu ya zuba mata ido. Leɓunansa suka motsa, duk muka riƙe numfashi. Ya buɗe baki, ya bar shi a buɗe, yana jiran shinkafar.

Ta sa masa. Ta cura wata.