Muryar Phoebe a Wayar Saleh

Phoebe ce ke kula da ɗakin karatu na wata makarantar koyon jinya a Azare, kuma abu guda ke ci mata rai. Littattafai ga su nan jibge, duk Turanci, matan da ciwon zuciyar bayan haihuwa ke kashewa kuwa ko baƙi ɗaya ba sa karantawa. Sai ta koma ɗaukar murya. Ta zauna da malaman ungozoma su tace magana, ta faɗe ta da Hausa, ta zuba a memori, ranar kasuwa ta bi ƙauyuka tana sa wa mutane a waya.

A Gololo ta haɗu da Juwairiyya, mai cikin fari. Ba ta da waya, sai ta mijinta Saleh. Phoebe ta sa masa, ta ja masa kunne: bayan haihuwa, in ƙafa ta kumbura, in numfashi ya koma sama-sama, a bar kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa, a nufi asibiti. Saleh ya ce ya ji. Ya kuwa ji ɗin, bawan Allah, har a gona kunnawa yake yi.

To amma wa ya tuna da goyon ciki? Da ciki ya tsufa aka zo aka tafi da Juwairiyya gidansu a Katagum, ta haihu a gaban uwarta. Waya tana aljihun Saleh. Ga haihuwar fari, ga kunyar surukai, ranar suna ma a zaure ya tsaya, ya gaisa ya juya. In ya kira wanta, bakinsa ba ya iya tambayar mai jego, sai dai ya ce ya mutanen gida. A ce masa lafiya lau. Ƙafa kuwa ta kumbura, uwar tana ta dama mata kunun kanwa, tana cewa kumburin jego ne, zai saɓe.

Bai saɓe ba. Kafin arba'in aka binne ta. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Da Phoebe ta koma kasuwar Gololo, Saleh ya zo ya miƙa mata wayar, ya ce ta cire masa muryar. Ta fara yi masa ta'aziyya.

"Malama, babu abin da ban haddace ba a ciki," in ji shi. "Ƙafar ce ban gani ba."

Ta cire memorin, ta miƙa masa wayarsa.