Binciken Aure a Kan Sandar Fatsa

Alhaji Halliru ya fara sauka a Dubai a watan Maris na 1994, shekara goma sha biyar bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Tun daga lokacin sana'arsa ɗaya ce: ya sayi kaya, ya cika kwantena, ya tura Kano. A cikin shekara talatin ɗin nan ba a taɓa jin wani ya ce masa ya yi kuskure ba, shi kuwa ya ɗauki wannan shirun a matsayin shaida.

Ranar wata Laraba yayansa Alhaji Bashar ya kira shi daga Kano. Maganar ta Muhsinat ce, 'yar Alhaji Bashar ɗin, wadda take aikin harhaɗa magunguna a wani asibiti a Deira. Wani saurayi mai suna Nasir, ma'aikaci a rumbun ajiyar kaya a Jebel Ali, ya turo magabatansa neman aurenta, an kuma ce su dawo ranar Lahadi su karɓi amsa.

"Kai ne a can, kai ne idona," in ji Alhaji Bashar. "Abu biyu nake so ka gano mini. Yana da ladabi? Yana da gaskiya? Abin da ka ce da shi zan sallami mutanen."

Alhaji Halliru ya yi bincike yadda ya kamata. Ya tambaya a masallacin unguwarsu ta Abu Hail, ya tambayi masu lodin kaya, ya tambayi mai gidan da Nasir yake haya. Kowa ya yabi yaron. Aibi guda aka samo: kowace Asabar yakan tafi bakin teku da sandar fatsa, ya kama kifi, ya dube shi, sannan ya mayar da shi ruwa. Da mutumin da yake kama kifi don ya ci ne, da Alhaji ya gane. Amma mai albashi da zai tashi da sassafe ya wahalar da kansa, ya wahalar da kifi, su rabu ba wanda ya amfana, wannan yana buƙatar a gani da ido. Sai ya aika masa cewa Asabar ɗin nan tare za su je.

Suka fara da kantin kayan fatsa, domin Alhaji ba ya aron kayan wanda yake bincike a kansa. Mai tsaron kantin wani ɗan Wusasa ne mai suna Gwamna, wanda ya koyi fatsa tun a madatsar ruwa ta Shika. Da ya ji harshen Alhaji sai ya washe baki, domin Bazazzagi ba ya ganin Bakano ya ƙyale.

"Ranka ya daɗe, yau Kanawa a teku? Ashe kifi ya shiga uku, za a fara tura shi a kwantena."

"Kai dai nuna mana sanduna," in ji Alhaji. "Zage-zagi ba ku iya komai ba sai surutu."

Sandunan suna jere a jikin bango, sun kai hamsin. Akasarinsu an ƙera su ne domin wani kifin tafkunan Amurka da ake kira bas, wanda babu ko ɗaya a wannan tekun, amma masu fatsa na nan suna amfani da su wajen kama ƙananan kifayen gaɓa. Gwamna ya ɗauko guda uku, ya kafa kan kowace a ƙasa ya danna. Ta farko ta lanƙwasa daga can kai kawai. Ta biyu ta lanƙwasa daga tsakiya. Ta uku ta sunkuya kusan har wajen mariƙi.

"Koton ne yake zaɓar sanda, ranka ya daɗe, ba mai ita ba," ya ce. Koton da yake nufi ba tana ba ce, kifin roba ne ko na ƙarfe mai ƙugiya a ciki. "Nauyinsa ne yake tanƙwara sandar idan ka wurga, ita kuma ta miƙe ta cilla shi. In koton ya yi mata sauƙi, ba za ta ji shi ba. In ya yi mata nauyi, za ta ji shi fiye da kima. Ga lambobin nan a rubuce a jikinta."

Alhaji bai duba lambobin ba, domin gilashinsa yana aljihu, kuma ba a gaban Bazazzagi zai fito da shi ba. Ya san sanda tun kafin a haifi Gwamna. Kakansa falke ne, ya bi hanyar Gwanja da ƙafa, kuma a gidansu ka'ida ɗaya ce: sandar da ta lanƙwasa a hannunka, ka bar wa mai ita. Ya bi jerin yana gwadawa a gwiwarsa har ya sami wadda ta ƙi motsi, mai kauri kamar muciya. Sannan ya juya wajen koto, ya zaɓi wani ɗan ƙaramin kifin roba mai ruwan azurfa, wanda bai fi ɗan yatsa ba, saboda shi ne ya fi kama da kifin gaske.

"Alhaji, wannan giram bakwai ne," in ji Gwamna. "Sandar nan kuwa daga giram talatin take farawa. Ka ɗaura akuya a keken shanu."

"Na san ku. Kana so ka sayar mini da siririyar ne don ta fi tsada." Alhaji ya juya ga Nasir, wanda tun shigarsu yake tsaye hannu a baya. "Malam Nasir, kai ne masani. Wannan sandar da wannan koton, ba su yi ba?"

Nasir ya dubi sandar, ya dubi koton, sannan ya dubi takalmansa.

"Yadda Baba ya gani, haka ne."

Gwamna ya kalli Nasir, sannan ya fara lissafin kuɗi. Da aka gama ciniki Alhaji ya nemi gyara, kamar yadda ya saba nema ko da a kantin da ba a san wannan al'ada ba. Gwamna ya ɗauko wani dunƙulen kifin ƙarfe mai giram sittin ya jefa a leda.

"Ga gyararka. Wannan shi ne abokin sandar, in Allah ya sa an tuna. Yalla, ku je, Allah ya ba kifi haƙuri."

Suka isa gaɓar Mamzar hantsi bai gama ɗagawa ba. Watan Fabrairu ne, rana ba ta da zafi, teku kuma kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Wannan ruwan shi ne ya ci da garin a zamanin da ake nutso neman lu'ulu'u, kafin Japanawa su koyi noma shi, kasuwar ta mutu a shekarun 1930. Yanzu masu zuwa bakinsa da safe ma'aikata ne 'yan Filifin da Indiya da Masar, kowa da sandarsa da gorar shayinsa.

Nasir ya ɗaura wa Alhaji zare da koto, ya nuna masa yadda ake sakin zaren da ɗan yatsa. Sannan ya ɗauki tasa siririyar sandar, ya ɗan kaɗa wuyan hannu. Kotonsa ya tashi kamar tsuntsu, ya sauka can nesa inda ruwa ya sauya launi.

Alhaji ya gyara tsayuwa, ya naɗe hannun riga, ya wurga da dukkan ƙarfinsa. Kifin azurfar ya faɗo taku huɗu daga inda yake tsaye. Ya sake. Wannan karon taku uku. A na biyar koton ya maƙale a dutse, a na bakwai ya kama gefen babbar rigarsa. Wani ɗan Filifin da ke kusa ya tattara kayansa a hankali ya ƙara gaba.

"Me yake faruwa?" Alhaji ya tambaya yana haki.

"Iska ce, Baba," in ji Nasir.

Ko ganyen dabino ba ya motsi. Alhaji ya lura da haka, amma amsar ta yi masa daɗi, sai ya karɓa. Ya ci gaba har kafaɗarsa ta fara ciwo. A wannan tsakanin Nasir ya kama kifi biyu, ya saki kowanne da sauri yana kare shi da jikinsa, kamar mai ɓoye abin kunya.

Daga ƙarshe Alhaji ya yanke hukunci cewa laifin na koton ne. Ya tuna gyarar Gwamna. Amma da yake sandarsa ta riga ta ba shi haushi, sai ya miƙa hannu.

"Ba ni taka. Ɗaura mini wannan na ƙarfen."

Nasir ya riƙe dunƙulen ƙarfen a tafin hannunsa, ya ɗan jinjina shi. Sandar nan tasa daga Japan ya yi odarta, wata uku yana jiranta. Ya ɗaura, ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji ya ja baya ya wurga. Aka ji ƙas! Kan sandar, kimanin kamu ɗaya, ya bi zaren ya tafi teku tare da ƙarfen.

"Dama ta tsufa, Baba," in ji Nasir, da muryar wanda aka yi wa rasuwa.

A nan ne Alhaji Halliru ya zauna a kan dutse ya fito da gilashinsa. Ya karanta jikin karyayyiyar sandar: giram uku zuwa goma sha huɗu. Ya karanta jikin tasa: talatin zuwa tamanin. Mutumin da ya yi shekara talatin yana auna kaya ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Ya cire gilashin ya goge, ya mayar.

"Malam Nasir, zauna. Tun a kanti ka san sandar nan ba za ta cilla ƙaramin koton ba?"

"Baba, ai kowa da yadda..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Ka kuma san ƙarfen zai karya taka?"

"Na sani, Baba."

"To ka saurara. Gobe magabatanka za su je gaban yayana, kuma abin da na faɗa shi za a gaya musu. An tambaye ni ko kana da gaskiya. Yau ka ce mini iska, ka ce mini tsufa. Me zan ce?"

Nasir ya sake duban takalmansa. Sannan ya ce, "Muhsinat ce ta kira ni jiya. Ta ce, ko Baffa ya ce teku madara ce, ka ce a kawo fura. Ta ce duk wanda ya taɓa yi maka gardama a gidanku, har yau ba a gayyatarsa suna."

Alhaji ya so ya musanta, amma nan take ya tuna mutum uku da aka yi wa hakan, sai ya sauya salo.

"Ni ba haka nake ba," ya ce. "Ni mutum ne mai son a gaya masa gaskiya. Daga yanzu duk abin da ka gani ba daidai ba, ka faɗa. Umarni ne."

"Ko mene ne, Baba?"

"Ko mene ne. Khalas, shi ke nan."

Nasir yaro ne mai bin umarni. Ya fara da riƙon sanda: Baba yana riƙe ta kamar taɓarya. Ya ɗauro wani koto mai nauyi daga jakarsa a kan sandar Alhaji, ya ce a bar ƙarfin kafaɗa, sandar ce take aiki. Koton ya tafi nesa a jifan farko, abin da ya ƙara wa Alhaji haushi maimakon ya rage. Nasir ya ce Baba yana naɗe zare da gaggawa kamar ana binsa. Da suka koma mota ya ce tayoyin baya sun suɗe, kuma bai kamata Baba ya riƙa sauya layi ba tare da sigina ba. A fitilar hanya ta farko ya ce yadda yaran Baba suke jera tayil a kwantena shi ya sa kashi ɗaya cikin goma yake isa Kano a fashe, ma'aikatan rumbu duk sun sani, kunya ce ta hana su faɗa. A ta biyu ya ce labarin kakan Baba da hanyar Gwanja yana da daɗi, amma masu lodi sun ji shi har sun haddace. Duk wannan yana faɗa ne da murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye, kowace jimla da "Baba" a farkonta.

Da suka iso Abu Hail, Alhaji ya sauke shi tun kafin a kai ƙofar gidansu. Ya gyara fakin a inuwa, ya zauna na ɗan lokaci yana murza kafaɗa, sannan ya kira Kano.

"To, me ka gano?" in ji Alhaji Bashar.

"Ladabi yana da shi, har ya yi yawa."

"Gaskiya fa?"

"Ita ma akwai, Yaya. Sai dai a rufe take, kuma ban ba kowa shawarar ya buɗe ba."

"Ban gane ba. A ba shi ko kada a ba shi?"

"A ba shi. A kuma sa rana kusa." Alhaji Halliru ya leƙa ta madubi, ya hango Nasir yana dawowa wajen motar da ɗan yatsa a ɗage, alamar ya tuno wani abu. Ya tayar da injin da sauri. "Sannan ka gaya wa Muhsinat ta kira shi yanzun nan, ta mayar da shi yadda na same shi da safe."