Bidiyon Bikin Usaina

Mardiya ce mai ɗaukar hoton da mazan garin Lafiya suka yarda ta shiga gidajensu. Ranar lalle ko kamu, mata kan yar da mayafi su cashe son ransu, don sun san abin da ta ɗauka babu namijin da zai gani. Duk wannan amana tana cikin had-diski guda, ɗan akwatin ajiyar hotuna da bai fi tafin hannu ba. Kwafi na biyu kuwa, kullum sai gobe.

Ba a jima da bikin ƙawarta Usaina ba mahaifiyar amaryar ta rasu. Bayan an share makoki Usaina ta kira ta, ta ce ba hotuna take so ba, wurin da Inna ke yi mata nasiha da Fulatanci a bidiyon bikin kawai take son ta sake ji. Mardiya ta ce an gama. Tana jona had-diskin a kwamfuta, sai ya kama ƙas-ƙas-ƙas, ya ƙi buɗewa.

Ta hau keke napep zuwa shagon Terungwa mai gyaran kwamfuta. Ya kara shi a kunne, ya girgiza kai.

"Madam, wannan ya fi ƙarfina. Kar ki sake kunna shi, kar ki buɗe. Akwai wani a Abuja, shi aikinsa ke nan. Kai mashi."

"Zai ga abin da ke ciki?"

"To yaya zai ciro abu bai gani ba?"

Nan hankalinta ya tashi. Matan mutane ne a ciki, kai babu ɗankwali, a ce wani ƙato ya zauna yana kallo? Gara ta gwada da kanta. Ta nemo bidiyon masu gyara a waya, kuma ka san su, komai a hannunsu kamar ɓare gyaɗa. Ta ari sukundireba, ta kwance murfin. Faifan ciki na ta sheƙi, sai 'yar ƙura da ta sauka a kai. Ta hura, ba ta tafi ba. Ta sa bakin hijabinta ta goge shi tas, har tana jin daɗin aikinta. Da ta jona, ya yi wata ƙara kamar ana kankare ƙanzo, daga nan ya yi shiru.

Abujar da ta guda dai ita ta je. Mutumin ya ɗaga faifan ya duba a haske, ya ce, "Wa ya buɗe?"

Ta sunkuyar da kai.

"Hajiya, da ba a taɓa shi ba, da kusan komai ya fito. Yanzu an goge wurin. Kuma in don sirri ne, ai a gabanki muke yi, ke za ki riƙa dubawa, ba ni ba."

A mota ta yi ta shirya yadda za ta faɗi gaskiya, kunya da baƙin ciki sun cika ta. Amma da ta isa gidan Usaina, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Sun ce ba zai gyaru ba."

Usaina ta share hawaye. Sannan ta kama hannunta.

"Kar ki sa wa ranki damuwa, ƙawata. Na'ura ce, ba laifinki ba ne. Wa zai tafi har Abuja saboda Innata in ba ke ba? Zauna in kawo miki fura."

Mardiya ta zauna.