Ranar da Aka Ambaci Apollos a Majalisa

Tun da Liyatu ta gudo daga Michika lokacin rikicin Boko Haram take zaune a gidan Hajja Yusrah a unguwar Alkalawa. Mijinta Apollos ya koma ɗauko mahaifiyarsa, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekara tara ke nan, ita ba matar aure ba, ba gwauruwa ba.

Da aka ce majalisa za ta tattauna dokar neman waɗanda suka ɓace, sai ta rubuta wa 'yar majalisar mazaɓarsu wasiƙa. Ba amsa.

Ranar muhawarar, Hajja ta bar girkin rana ta kunna talabijin. Wani ɗan majalisa ya ce dokokin da ake da su sun isa, wani ya musa masa. Can sai 'yar majalisar ta miƙe da takardar littafin makaranta a hannunta.

"Adda, rubutuna ne!" in ji Liyatu ga Hajja, wadda take kira Adda, wato yaya.

Matar ta karanta yadda Apollos yake gyara wa maƙwabta kekuna, da yadda yake tari kafin ya shigo gida.

Aka miƙa ƙudurin ga kwamiti. Hajja ta yi tsaki. "Shi ke nan? Yaushe za su neme shi?"

"Ban sani ba, Adda," Liyatu ta ce tana share ido da bakin zani. "Amma yau ba ni kaɗai na kira sunansa ba."

Hajja ta matso ta riƙe hannunta, suka ci gaba da kallo har aka tashi zaman.