Ranar da Baba Ya Zo Kotu

Wata huɗu lauyar ta yi tana haɗa hujjojin shari'ar nan. Da safiyar ranar zaman, maigidanta na ofis ya tare ta a bakin kotu.

"Abokin aikinki ne zai yi magana," in ji shi. "Aikinki ba makusa, amma kin san harshenki. Kina buɗe baki alƙali zai ji ƙauye."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe."

Haka ta zauna tana miƙa takardu, tana jin maganganunta a bakin wani. Can a bencin baya mahaifinta ne, tela, wanda ya rufe shago ya yi tafiyar awa uku don ya ji 'yarsa.

Suka yi nasara. Ana ta taya abokin aikin murna, tsohon ya matso.

"Uwata, ko kunnena ne? Ban ji ki ba."

"Ba a zo kaina ba, Baba."

"To, ki gaya mini ranar, sai in dawo."

Ta karɓi jakarsa ta raka shi tasha. Sai da motar ta tashi ta bar hawayen suka zubo.