Gwiwar Gwamnati

Shekara goma sha tara ina auna nasarar gwamnati da takarda da biro. Bayan ambaliya an gina wa jama'a gidaje arba'in, aka turo ni in duba ko sun koma. Babbar tambayar fom ɗin ɗaya ce: ana zaune a gidan, e ko a'a? Duk wanda na yi wa "a'a", a karɓe a ba na bayansa a layi.

Gida na sha biyu ya yi kyau. An ɗaga shi sama saboda ruwa, da matakala bakwai a tsaye kamar tsani. Mai gidan, wata tsohuwa, a ƙasa na same ta cikin rumfar kwano, ga gadonta ga murhunta.

"Iya, kina kwana a sama kuwa?"

"Da gwiwar wa, ɗan nan? Ranar da aka ba ni makulli maza biyu suka ɗauke ni, aka yi hoto, aka sauko da ni."

"To wa ke ciki?"

"Awakina. Da ƙafarsu aka yi awon."

Na tsaya da biro a hannu. In sa "a'a", ta rasa gida. In sa "e", ofis ya yi tafi, ita ta ƙare a rumfa. Akwai ɗan akwatin "ƙarin bayani" a ƙasan fom, amma ni na san ba a karanta shi. Na taɓa rubuta gaisuwa a ciki, har yau ba a amsa ba.

Doka ta ce sai na ga ciki da idona. Na tattare riga na fara hawa.

"Bi a hankali," in ji ta. "Kai da tumbinka ku biyu ne."

A matakala ta biyar gwiwata ta yi ƙas. Na zauna daɓas. Wata akuya ta leƙo daga ƙofa tana kallona kamar na zo ba sallama.

Iya ta yi dariya har da tari. "Sannu, ma'auni! Rubuta, e ko a'a?"

Na sa "e", tunda masu rai ne a ciki. Sannan na tuna da jar takarda ta rahoton raunin ma'aikaci a bakin aiki. Ita kam har mutum uku ke karanta ta. Na cike ta ina zaune a wurin, ban ƙara ko gishiri ba.

Bayan mako uku aka zo aka zuba gangaren siminti, da ƙarfen dafawa.

Da na koma ina ɗingishi, a bakin ƙofar sama na tarar da ita, awaki a rumfa suna fushi.

"Shekara biyu tawa gwiwar na kuka ba wanda ya ji," ta ce. "Ashe taka ce gwiwar gwamnati. Ka lallaɓa ɗayar, maƙwabciyata ma matakalarta bakwai."